Gawar da Ta Ɗauki Sunana

A tashar Wagadugu na fara ganin Tankari, ko da yake tsakanin ƙauyensu da namu a ƙasar Kurfai bai fi tafiyar hantsi ba. Kwana biyu ke nan da barina Filinge. Wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗina ya ce zai yanko mini tikitin Abijan, ya zagaya bayan wata rumfa, har yau bai dawo ba. Na zauna a kan buhuna. Ban yi ihu ba, don ban san da wane yare zan yi shi ba.

Can wani dogon mutum ya tsaya a kaina. Ya dubi kumatuna, na dubi nasa. Tsagarmu ɗaya.

"Ɗan wa?" ya ce.

"Arzika, ɗan Gado."

"Gado mai rijiya ko Gado gurgu?"

"Mai rijiya."

"Tashi. Shekarar da ruwa ya ƙi, ubanka ya shayar da shanunmu."

Ya sayar da wayarsa a nan cikin tashar, ya yanka mana tikiti biyu. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya mutu.

A hanya na san shi kaɗan. Ubansa Azne ne, shi ke yanka a gindin dutsen ƙauyensu kafin faɗuwar damina. Shi Tankari yakan yi salla in ya ga jama'a sun tashi, ya ce ba ya son a bar shi shi kaɗai a tabarma. Akwai wata munduwar ƙarfe a hannunsa na hagu da ubansa ya sa masa, ko wanka zai yi ba ya cire ta. A kowane shinge ana sauke mu, a jera mu a rana, a karɓi abin da za a karɓa. Gari da ƙuli muka ci har muka ga teku.

A Abijan muka sauka gidan Baba Sumana, wani Bazabarme daga Tondikandiya da ya tsufa a can. Duk wanda ya fito daga wajen Filinge gidansa yake nufa. Mu goma sha takwas ne a ɗaki uku. Ya kai mu wani sito na koko kusa da tashar jiragen ruwa, muka fara dako. A biya ka da yamma, gobe in ka makara wani ya shiga gurbinka. Ruwan sama a can ba ya sallama, ba ya ban kwana. Na yi shekara ban ga gero a tsaye ba. Wani lokaci ƙamshin fura kan zo mini a tsakiyar buhunan koko, in tsaya, shef, wato mai kula da masu dako, ya daka mini tsawa.

Shekara uku ina haka. Da suka ga bayana bai taɓa kwantar da ni ba, suka ɗauke ni aikin dindindin. Aka ɗauki hotona, aka ba ni wani kati mai santsi. Katin inshora ne, can asiransi suke cewa. In ka yi ciwo ka kai shi asibitin kuɗi, kamfanin asiransi ya biya babban rabo, kai ka biya ƙaramin.

Na kawo wa Baba Sumana, don ni ban iya karatu ba. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido. Hoton ya fito baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sosai sai tsaga. Ya yi murmushi, ya sa masa zare ya rataye a ƙusa a bayan ƙofarsa.

"Wanga na gida ne," ya ce.

Ban yi musu ba. Haka ake yi tun kafin in zo. Ga mutanen can, duk mai tsaga irin tamu mutum ɗaya ne. Matar da ke zaune a tagar asibiti takan dubi kumatun hoto, ta dubi kumatun mai ciwo, ta buga hatimi. Mu tara ne Kurfayawa masu tsaga a gidan, kati kuma ya ishe mu. Doka ɗaya ce. Kafin ka ɗauka sai ka koyi amsa sunana. Baba Sumana yakan bari sai ka juya baya ya ce "Arzika". In ba ka waiwaya nan take ba, ba inda za ka, ko hanjinka na fita.

Haka Arzika Gado ya karye a ƙafa, aka cire masa haƙori biyu, aka tsaga masa ciki aka ɗinke, ya yi zazzaɓi ba adadi. Ni kuwa ko ciwon kai ban taɓa kaiwa ba. Ranar da Arzika ke kwance a asibiti, ni ina sito ina dangwala yatsana a littafin aiki. Ba wanda ya taɓa haɗa littafin nan da na asibiti.

A shekara ta biyar Tankari ya fara zazzaɓi. Ya sha jiƙo, ya sha ƙwayoyin bakin hanya, ya ci gaba da dako. Da cikinsa ya kumbura ya taurare kamar ganga, muka ce sai asibiti. Ranar Talata ce. Yana zaune a bakin ƙofa, gumi na zuba, Baba Sumana ya zagaya ta bayansa.

"Arzika."

Ya waiwaya a hankali. Ya dube ni ya yi dariya da ƙyar.

"Ara mini sunan naka, ƙane. Jibi in maido ma."

A asibiti suka ce yana son jini. Mu uku muka ba da namu. Ranar Alhamis da hantsi Baba Sumana ya zo sito, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hularsa. Na ajiye buhun da ke kaina.

A ƙasarmu wanda ya mutu da hantsi ba ya kai la'asar a waje. Muka sayi likkafani, muka tafi da mota. Matar taga ta ce gawa tana ɗakin sanyi, ba ta fita sai asiransi ta amince da takardar kuɗi, mu dawo Litinin. Baba Sumana ya roƙe ta da Faransancinsa na kasuwa. Ta rufe tagar.

A nan na yi kuskuren. Juma'a da Asabar na tafi aiki yadda na saba. Na dangwala yatsa. Ban yi tunanin komai ba, ina neman abin da zan hana kaina zama da shi ne. Ba wanda ya tuna a gidan cewa mutumin da ke dangwala yatsan nan ya mutu tun Alhamis.

Litinin muka koma. Matar ta turo mana takardu biyu. Baba Sumana ya karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da ya nemi benci.

Ta farko ta asibiti ce. Jika ɗari bakwai da wani abu, kowace jika sefa dubu. Sun rubuta kwana huɗu a gado, alhali biyu ya yi. Sun rubuta iskar kwalba har ranar Asabar, mutumin da ya daina numfashi tun Alhamis. Jinin da muka ba da daga jikinmu, shi ma sun sa masa kuɗi, leda uku. Ɗakin sanyi kuma jika goma kowace rana, ana ƙirgawa.

Ta biyu ta asiransi ce. Sun ce ba za su biya ko dala ba. Sun tambayi sito, sito ya ce Arzika Gado bai yi fashin aiki ba ko yini ɗaya, har bayan ranar da asibiti ta ce ya mutu. Ko dai asibiti ƙarya take yi, ko wanda ke ɗakin sanyi wani ne daban.

"To mu faɗi gaskiya," na ce.

"Faɗi," in ji Baba Sumana. "Asiransi ta janye hannunta, ta bi mu kuɗin ƙahwa da haƙori da ciki. Ni a kai ni kaso, kai a kore ka. Asibiti ta ce mu biya duka. Kuma Tankari shina nan inda yake."

"Har yaushe?"

"Har su gaji. Wanda ba a biya mashi ba, motar gari ka zuwa ta kwashe su, a zuba rami guda."

Muka yi karo-karo. Masu dako, masu sayar da albasa, masu gadi, duk ɗan wajenmu da ya san hanyar Baleyara ya ba da abin da ya samu. Jika ɗari da sittin muka haɗa. Matar taga ta ƙirga su tsaf, ta daidaita bakinsu, ta turo mana abinmu.

Kwana na shida na ce ina son in gan shi. Mai gadin ɗakin sanyi ya karɓi ɗari biyar. Ya leƙa waje ya ce, "'Yan'uwan Arzika Gado." Na miƙe. Rana tsaka ce, amma cikin ɗakin fitila ake kunnawa, wani inji na gurnani a bango. Ya jawo wani dogon akwatin ƙarfe. Ta ƙafa ya fara fitowa. A babban yatsa an ɗaura 'yar takarda. Ban iya karatu ba, amma shekara biyu ina ganin zanen sunana a kan kati, na san kamanninsa yadda na san sawun raƙumi. Shi ne a yatsan. Fuskar Tankari ta yi fari-fari, farin ƙanƙara ya cika tsagar kumatunsa. Bakinsa a ɗan buɗe, kamar mai jiran a gama magana ya faɗi tasa.

Tun daga ranar babban yatsan ƙafata na dama ya ɗauki sanyi. Ko na sa shi a rana ba ya jin ɗumi.

Da na koma gida na ce wa Baba Sumana, "Mi za a yi shi hita?"

Ya daɗe yana murza goro a tafinsa.

"Takarda ta ce Arzika ya mutu. In Arzika ya yarda ya mutu, su biya."

"Aikin fa?"

"Matacce ba ya dako."

"Katina na ɗan ƙasa?"

"Ma'aikatar gari za ta karɓe, ta ba da takardar mutuwa. Ka riƙe na Tankari. Hoton nashi ma tsaga ce."

Shekara uku na yi ina ɗaukar buhu kafin in samu aikin nan. Na duba ƙusar da ke bayan ƙofa, ba komai a kanta, katin yana asibiti. Na ce to.

Shef ɗinmu ya yarda ya ce wani ɗan'uwan Arzika ne ya riƙa zuwa yana yi masa aiki don kada gurbinsa ya tafi, shi ya dangwala yatsa. Ladansa albashina na watan. Ya ƙara da cewa kada ya sake ganin ƙafata a unguwar.

Sai aka koma koya mini. Ina cin abinci, wani ya ce "Arzika" daga baya, in na ɗaga kai Baba Sumana ya buge ni da hula. Kwana uku ina shan hula. A na huɗu suka kira, ban motsa ba. Ba wanda ya yi dariya. Daga nan kowa a gidan ya koma ce mini Tankari, amma ba sa duban idona in za su faɗa.

Wata rana da azahar ina dawowa daga famfo, na ji an kira sunana na gaskiya daga bayana. Titin ba kowa, sai wata akuya a gindin bango. Muryar mai kauri ce, tana jan ƙarshen sunan, yadda mutum ɗaya kawai yake ja. Ban waiwaya ba. Ruwan bokitin ya zube rabi kafin in kai gida.

Kwana na goma sha biyu mutumin asiransi ya zo. Kwasi sunansa, ana ce masa Mushe Kwasi, yadda ake girmama namiji da Faransanci, siriri, da baƙar laima da jakar hannu. Ya gaishe da kowa da hannu. Ya zauna a kujerar Baba Sumana ya buɗe takardu, yana karantawa Baba Sumana yana juya mana. Ƙafa. Haƙori. Ciki. Zazzaɓi, zazzaɓi, zazzaɓi.

"Ya ce wanga mutum ya sha wuya a duniya," in ji Baba Sumana.

Mushe Kwasi ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karye yana nan, ya ɓoye ƙafarsa a ƙarƙashin benci. Mai haƙori ya rufe baki. Da ya zo kaina ya tsaya. Ya dubi hoton, ya dube ni.

"Ya ce kai wane ne?"

"Tankari. Ɗan'uwan mamaci."

"Ya ce kun yi kama."

"Haka ake cewa."

Ya ce mu raka shi ya ga gawar. Mai gadi ya jawo akwatin. Mushe Kwasi ya ɗaga zanen har ƙirji, ya tsaya yana kallon cikin Tankari. Takarda ta ce an tsaga cikin nan an ɗinke shekara guda da ta wuce. Ba ɗinki, ba tabo. Ya mayar da zanen a hankali, ya gyara gefensa kamar mai rufe yaro. Bai rubuta komai ba.

A waje ya buɗe laimarsa ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba ya duban kowa. Baba Sumana ya juya mini.

"Ya ce katin ga ya ci musu kuɗi kamar na mutum goma. In sun kai mu kotu, ba abin da za su samu wurin masu dako. In mai katin ya mutu, sau ɗaya za su biya, shi ke nan. Ya ce shi ya fi son Arzika a mace."

"Ya sani ke nan."

"Bai ce ya sani ba. Ya ce zai zo jana'iza da kanshi, shi ga an rufe, don kada a ji Arzika ya tashi da ciwon haƙori baɗi."

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu za su fara tsakaninsu. Mushe Kwasi ya ce ba zai biya iskar da aka shaƙa wa gawa ba, ba zai biya kwana biyun da ba a kwana ba, jini kuma a nuna masa inda aka saye shi. Mai lissafin asibiti, wani mai tumbi da alƙalami uku a aljihu, ya ce ba zai cire ko layi ɗaya ba, kuma kuɗin ɗakin sanyi laifin asiransi ne da ta ja lokaci. Wannan ya ce a jira likita, likita ya yi tafiya. Wancan ya ce a jira ofis, ofis ya ce a sake rubuto takarda. Muna zaune a benci muna kallonsu ta gilashi, wannan ya soke layi, wancan ya mayar. Na ga cinikin sa a kasuwar Baleyara, dillalai na riƙe da hannun juna a ƙarƙashin riga. Wannan ya fi shi tsawo, kuma abin da ake ciniki a kansa yana bayan bango yana jira. Kwana bakwai suka ƙara masa.

A ƙarshe suka cire iskar da kwana biyu, suka bar jinin. Kuɗin ɗakin sanyi suka raba uku, asibiti ta yafe kashi ɗaya, asiransi ta ɗauki ɗaya, ɗaya ya faɗo kanmu tare da ƙaramin rabonmu. Jika ɗari da sittin ɗin nan suka tafi, Baba Sumana ya sayar da rediyonsa ya cika. Na dangwala yatsa a wurin da aka ce na ɗan'uwan mamaci ne. Kwana goma sha tara.

Da muka karɓo shi ya yi tauri kamar icce. Sai da muka ajiye shi a rumfar masallaci muka jira ya saki, ruwa na ɗiga daga makara. Ni da limamin unguwar muka yi masa wanka. Liman mutumin Mali ne, tsoho, ba a gaya masa komai ba, don da ya sani ba zai yarda ba. Na kwance takardar yatsa. Munduwar ta ƙi fita, na sa sabulu, ta ƙi. Na ce a raina, gida zan kai ta. Na sake ja, ta zare.

A maƙabarta ƙasar ja ce, jiƙaƙƙiya, ruwa na tsattsafowa a gindin ramin. Mushe Kwasi na tsaye a gefe da laimarsa, ya cire hula. Liman ya juyo gare ni, da 'yar Hausarsa.

"Sunan mamaci, da na uwarsa."

Ban zaci za a tambayi na uwa ba. Na dubi Baba Sumana, yana kallon ƙasa. Mushe Kwasi ba ya jin Hausa, amma suna ɗaya yake jira ya ji.

"Arzika," na ce. "Ɗan Kuluwa."

Aka yi salla. Ni na shiga ramin, aka miƙo mini shi. Na kwantar da shi a kan damansa. Daga sama ba a ganin bakina. Na sunkuya har goshina ya taɓa likkafanin, na yi magana a kunnensa.

"Kai Tankari ne, ɗan Dije. Ka riƙe. Duk abin da ka ji an kira daga bisa, ba kai ba ne, kada ka amsa. Ka yi haƙuri da sanyin."

Na fito. Aka jera itace, aka tura ƙasa. Liman ya tsuguna wajen kai don ya tuna wa mamaci abin da zai faɗa in an zo tambayarsa, yadda suke yi. Ya ɗaga murya.

"Ya Arzika ɗan Kuluwa."

Ina tsaye a bayansa, jar ƙasa a gwiwoyina.

"Ya Arzika ɗan Kuluwa."

Sau uku ya kira. Na ƙasa bai amsa ba, na sama bai amsa ba. Mutanen gidanmu goma sha bakwai, ba wanda ya ɗaga kai.

A bakin ƙofar maƙabarta Mushe Kwasi ya fito da almakashi daga jakarsa, ya yanka katin biyu, ya sa a ambulan. Ya ba ni hannu ya yi mini ta'aziyya. Hannunsa da ɗumi. Ina jin da gaske yake.

Labari ya riga ni gida. Wani mai albasa da ya ji rabin zance ya kai shi Filinge, daga can ya shiga ƙauye. Kafin in samu in kira ƙanena a waya, mata sun yi kuka rabin yini a gidanmu. Na gaya masa yadda aka yi, na ce ya je ya gaya wa gidan su Tankari, sannan ya ba Inna waya. Na ji takunsa, na ji ya yi mata magana. Ya dawo ya ce ta ƙi karɓa. Ta ce ba ta magana da muryar da ba ta ga fuskarta ba.

Wata takwas na ƙara a Abijan, ina wankin mota a wata unguwa da ba a san ni ba, kafin in haɗa kuɗin hanya. Da katin Tankari na taho. A kowane shinge jandarma ya ɗaga kati ya kira suna, in ce ga ni. Har Yamai, har Baleyara. Da muka wuce Damana na fara ganin gero a tsaye, ya yi kai. Ban ji abin da na zaci zan ji ba.

Ƙauyen su Tankari na fara zuwa. Ubansa na zaune a gindin wata adduwa, ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na ajiye munduwar da katin a gabansa. Ya ɗauki munduwar ya shinshina. Bai taɓa katin ba.

"Kwana nawa ya yi bisa?"

"Sha tara, Baba."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Da wane suna kunka rufe shi?"

Na gaya masa duka. Wanda aka kira a sama, da wanda na faɗa a cikin ramin.

"A kunne ka faɗa mashi?"

"A kunne."

"To shi ya ji nashi, ya san hanya." Ya juyo da lafiyayyen idon gare ni. "Kai fa? An kira ka cikin rami sau uku, da sunan uwarka. Wa ya kira ka ka hito?"

Ya ce in tashi in tafi gida tun rana ba ta yi sanyi ba, kuma kada in shiga sai an ce in shiga.

Da la'asar na isa. Na tsaya a bakin darni da buhuna. Ƙanena ya fito zai rungume ni, na ɗaga masa hannu ya tsaya. Maƙwabta suka taru nesa kaɗan. Inna ta fito daga ɗaki, ta rame. Ta zo har gabana, ta dubi fuskata, ta dubi ƙafafuna, ta dubi inuwata a ƙasa. Na gaya mata abin da tsohon ya ce.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko a gabana ko a bayana. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Ta juya ta dubi matan da ke tsaye, ta ja gefen zanenta ta rufe rabin fuska. Bakinta ya motsa sau biyu ba abin da ya fito.

"Arzika."

A hankali ta faɗa, sunan ya yi mata nauyi a baki.

"Arzika," ta ƙara, da ƙarfi kaɗan. Wata tsohuwa a bayanmu ta fara kuka.

Ta uku ta saki zanen, ta kira yadda ake kiran wanda ya yi nisa a gona.

"Na'am, Inna."

Ta tsaya tana kallona har na ɗauka za ta sake kira. Sai ta kauce daga bakin ƙofa.

"Shigo," ta ce. "Ka wanke ƙahwa tukuna."